Yanar Ido: Makantar da Ake Warkewa

Duk wanda ya taɓa cin kasuwa a ƙasar Arewa, ko a Tibiri, ko Dumega, ko Kore Mai Ruwa, ya san wannan abu: tsoho na riƙe da ƙarshen sanda, yaro na gaba riƙe da ɗaya ƙarshen yana jan sa. Mun saba ganinsu har mun daina tambaya. In ma an tambaya, amsar ɗaya ce: tsufa ne, ido ya ƙare, sai haƙuri. To, jama'a masu karatu, cikin irin waɗannan tsofaffi akwai da yawa waɗanda idonsu bai ƙare ba. Yana ce ta rufe shi, ita kuwa yana likita na iya fid da ita cikin lokacin da bai kai na dafa shayi ba, kashegari mutum ya ga hannunsa, ya ga ƙofar ɗakinsa, ya ga fuskar jikan da ya shekara yana jan sa.

Tibirin da muke magana a kai ita ce ta jihar Dosso, garin Samna, a cikin Dallol Mawri, ba Tibirin Gobir ta kusa da Maraɗi ba. A da tana cikin gundumar Dogon Dutsi. A shekara ta 2011 aka ba ta gundumar kanta, tare da Dumega da Gesheme da Kore Mai Ruwa. Ƙidayar 2012 ta samu kimanin mutum 270,000 a cikinta, galibinsu manoma da makiyaya, mutanen da rana ke fitowa ta same su a gona, ta faɗi ta bar su a can. A riƙe wannan adadi, za mu komo kansa.

Mene ne yana?

Sunan da Hausawa suka ba wannan ciwo shi ne ya fara ruɗa mutane. Yana a bakinmu ita ce wadda ke kwanciya bisa madara in ta huce, ko wadda gizo-gizo ke saƙawa a lungun ɗaki. Saboda haka mutum ya ɗauka wata fata ce ta tsiro bisa idonsa daga waje, wadda za a iya wankewa, ko a kankare, ko a narkar da magani. Alhali kuwa abin daga ciki yake.

A bayan ɗan baƙin nan na tsakiyar ido akwai wani abu garai-garai kamar gilashi, wanda za mu kira madubin ido. Faɗinsa bai wuce santimita 1 ba, siffarsa kamar ƙwayar wake da aka ɗan danne, yana zaune cikin wata 'yar jaka siririya. Aikinsa shi ne ya tattara hasken da ya shigo, ya daidaita shi bisa labulen da ke can bayan ido, daga nan jijiyar gani ta kai labari ga ƙwaƙwalwa. Wannan madubi da ruwa da wani abu irin farin ƙwai aka yi shi. Kowa ya san farin ƙwai tun yana ɗanye ana hangen abu ta cikinsa, amma in ya ji wuta sai ya yi fari fat. Haka shekaru ke yi wa madubin ido, sannu a hankali. In ya dushe haske ba ya wucewa, shi ne yana. Kamar yadda dafaffen ƙwai ba ya komawa ɗanye, haka babu tozali, babu ruwan ganye, babu maganin ɗigawa na kanti ko na kasuwa da ke mai da madubin ido garai. Har yau masana ba su samo irin wannan magani ba. Duk wanda ya ce yana da shi, kuɗinku yake so.

Babban dalilinta tsufa ne. Wanda duk Allah ya ja kwanansa zai same ta, ko kaɗan ko da yawa. Amma akwai abubuwan da ke gaggauta ta: daɗewa cikin zafin rana shekara da shekaru, ciwon sukari, shan taba, da bugu ko sukar ƙaya ko tsinken kara a ido. Akwai kuma wanda ya kamata ma'aikatan lafiya su sa wa ido ƙwarai, watau magungunan ɗigawa masu kortizon da ake saye a tebur ba da takardar likita ba. Suna kwantar da ƙaiƙayi nan take, shi ya sa ake son su, amma wanda ya daɗe yana ɗiga su yana iya jawo wa kansa yana, har da hawan jinin ido.

Wani lokaci kuma da ita ake haihuwar jariri. Uwar da ta ga fari a tsakiyar idon ɗanta kada ta jira ya yi wayo. Idon jariri koyon gani yake yi, in an bar shi a rufe watannin farko ba zai koya ba ko da an yi aikin daga baya. Banda haka, farin tsakiyar idon yaro na iya zama alamar ciwon daji, wanda ke kisa in an yi sakaci.

Yana ba ta zuwa da ciwo, ba ta sa ido ya yi ja, ba ta kawo kwantsa. Mutum dai zai ga duniya ta yi masa hazo kamar ranar da buji ya taso cikin hunturu, hazon kuwa ba ya washewa. Fitilar mota da dare ta dame shi, rana tsaka ta kashe masa ido, ya fi gani da safe ko da la'asar. Wani ya ga wata ya zama biyu. Akwai ma wani abin mamaki: tsohuwar da ta daɗe ba ta iya zura zare a allura sai ta ga ta koma tana iyawa, ta yi murna ido ya dawo. Sau da yawa farkon yana ke nan, bayan ɗan lokaci hazon zai rufe na kusa da na nesa.

Ba kowace makanta ce yana ba, wannan kuwa wajibi ne a faɗe shi don kada a yi wa mutane alkawarin da ba zai cika ba. Hakiya tabo ce bisa fatar gaban ido, daga waje ake ganinta. Amosanin ido, wanda ya daɗe yana wahal da jihohin Damagaram da Maraɗi, shi ke juya gashin ido ciki yana gogar ido har ya lalace. Hawan jinin ido kuwa jijiyar gani yake ci a ɓoye, abin da ya ci kuma ba ya dawowa. Mai yana, ko ta kai matuƙa, in aka haska masa tocila zai gane haske, ya nuna ta inda yake fitowa. Wannan alama ce mai kyau, amma ma'aikacin ido ne kaɗai zai iya rarrabewa da gaske.

Mai tsinke

Tun kafin likitan zamani ya zo, akwai masu aikin yana a ƙasar Hausa, har yanzu kuma suna yawo ƙauye-ƙauye. Dabararsu tsohuwa ce ƙwarai, an san ta a Indiya da ƙasar Rum fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Mai aikin zai soka tsinke ko allura ta gefen ido, ya ture dusasshen madubin ya faɗa can cikin ido, ƙofar haske ta buɗe. Nan take tsohon da ya shekara cikin duhu zai ga haske, ya ga inuwar mutane, ya ƙirga yatsu. Jama'a su yi ta mamaki, a ba mai tsinke akuya ko damin hatsi, ya kama hanya.

Abin da ke biyo baya ba ya nan balle ya gani. Madubin da aka tura bai fita ba, yana nan cikin ido yana jawo kumburi. Tsinken da ba a dafa ba ya shigar da ƙwayoyin cuta. Ruwan ido ya hau, labulen baya ya ɓalle, bayan mako kaɗan ko wata kaɗan ido ya mutu, wani lokaci da azabar ciwo. Wanda ma ya tsira daga duk wannan ya zama mai ido marar madubi, ba ya ganin kome sosai sai da tabarau mai kaurin gindin kwalba.

Maƙwabtanmu na Nijeriya sun auna wannan abu. Tsakanin 2005 da 2007 sun yi babban bincike a faɗin ƙasarsu, suka duba idon mutum fiye da 13,000 masu shekara 40 zuwa sama. Suka tarar yana ce ta jawo kashi 43 cikin 100 na makanta. Cikin idanun da aka taɓa yi wa aikin yana, fiye da 4 cikin 10 mai tsinke ne ya yi, abin kuma ya fi yawa a arewacin ƙasar da cikin karkara. Cikin idanun da aka soka da tsinke, fiye da 7 cikin 10 makafi ne ranar da aka duba su. Tsakanin Tibiri da jihar Kebbi kuwa iyaka ce kawai ta takarda. Harshe ɗaya, kasuwa ɗaya, dangi ɗaya, masu tsinken ma ba su neman izinin ƙetarewa.

Amma kada mu yi saurin zargin tsohon da ya miƙa idonsa. Mai tsinke har ƙofar gida yake zuwa, yana jin Hausa, yana karɓar abin da ke akwai a turke ko a rumbu. Likita kuwa yana nesa, sai an biya mota, an nemi ɗan rakiya, an nemi masauki da abinci a garin da ba a san kowa ba. A ganina, muddin likita bai matso kusa ba, wa'azi kaɗai ba zai kori mai tsinke ba.

Daga tsinke zuwa madubin roba

Tun wajen shekara ta 1000 wani likita Balarabe, Ammar ɗan Ali mutumin Mosul, wanda ya yi aiki a Masar, ya rubuta yadda yake zuƙe yana mai taushi da allura mai rami. A 1747 Bafaranshe Jacques Daviel ya tsaga ido ya fid da dusasshen madubin waje gaba ɗaya, maimakon tura shi ciki. Sai dai shekara 200 bayan haka duk wanda aka yi wa aiki tilas ya rataya tabarau mai kauri, in ya ɓata ko ya karye mutum ya koma kusan makaho. Tsofaffinmu da suka ga aikin likita na shekarun 1970 da 1980 wannan suka sani, shi ya sa wasunsu ke cewa ba su ga bambanci da na mai tsinke ba. A zamaninsu maganar tana da ɗan gaskiya, yanzu kuwa ba ta da ita.

Lokacin yaƙin duniya na biyu wani likitan Ingila, Harold Ridley, ya lura cewa ɓarɓashin robar tagar jirgin sama da ya shiga idon matuƙa yana zama a ciki ido bai ƙi shi ba. A 1949, a asibitin Saint Thomas na London, ya fara aikin sa madubin roba a gurbin wanda aka fitar. Da farko tsadarsa ta hana talaka samu. A 1992 asibitin Aravind na Indiya ya kafa masana'antar yin wannan madubi da araha, a 1994 kuma aka buɗe wasu a Nepal da Eritiriya. Daga nan ne madubin roba ya iso ƙauyukan Afirka.

Ga yadda aikin yake a yau. Kafin ranar za a auna hawan jini da sukari, a auna ƙarfin ruwan ido, a auna tsawon idon don a zaɓi madubin da ya dace da shi, domin ba duka ido ne ɗaya ba. Ranar aiki ba a sumar da babba. Allura ce ake yi a gefen ido, ko a ɗiga magani, wurin ya mutu, mutum na kwance yana jin maganar likita. A nan bari mu kashe wata jita-jita da ta hana mutane da yawa zuwa: ba a ƙwaƙule ido a ajiye a faranti a gyara a mayar. Ido na nan a gurbinsa daga farko har ƙarshe. Likita na duba ta madubin ƙara girma, ya yi 'yar tsaga ta milimita 6 ko 7 a saman farin ido, ya buɗe jakar nan siririya, ya zaro dusasshen madubin, ya wanke jakar, ya zura na roba a ciki. Tsagar an yi ta ne yadda za ta rufe kanta, galibi ba a ɗinki. Minti 15 zuwa 20 an gama. A manyan asibitoci akwai na'urar da Charles Kelman na Amurka ya fito da ita a 1967, mai farfasa yanar ta zuƙe ta ta tsagar da ba ta wuce milimita 3 ba; amma ga yana mai tauri irin wadda ta daɗe, wadda ita aka fi gani a karkara, aikin hannu na ƙaramar tsaga ba ya kasa ta, ga shi kuma da araha. Kashegari a kwance bandeji. Madubin roba ba ya ruɓewa, ba ya tsatsa, ba a sake shi har ƙarshen rai. Ido ɗaya ake yi, in ya warke a yi ɗayan.

Akwai maganar da aka gada cewa sai yana ta nuna, watau sai mutum ya makance sarai, kana a taɓa ta. Wannan dokar tsohon aiki ce. Yau da zarar hazo ya hana mutum noma, ko ɗinki, ko karatu, ko gane dabbobinsa, lokaci ya yi. Yanar da aka bari ta wuce kima tana iya kumbura ta ta da ruwan ido, ta kashe jijiya, a rasa idon da da an cece shi.

Rabin aikin a gida yake

Likita ya gama nasa cikin minti 20, saura na mai ido da iyalinsa, wanda ke ɗaukar mako 4 zuwa 6. A ɗiga maganin da aka bayar bisa ƙa'ida, da hannun da aka wanke da sabulu. Kada a murza ido, kada a sa tozali, kada ruwan rijiya ko na tabki ya shiga ciki; wajen alwala a kiyaye wannan gefen. A nisanci hayaƙin murhu da ƙurar sussuka da shiƙa, a bar daka da jan guga da ɗaukar kaya mai nauyi. Zancen sujada a kwanakin farko a tambayi likitan da ya yi aikin. Abinci kuwa babu wanda aka hana, tuwo da fura duk a ci a sha. A nan mata ne abin tausayi: tsoho in ya komo gida zai kwanta a yi masa hidima, tsohuwa kuwa kwana biyu za a gan ta bakin murhu. Ga shi kuwa mata sun fi maza yawan yana, sun kuma fi su ƙarancin samun aiki, don ba su ke riƙe da kuɗin mota ba.

Ba za mu ce aikin ba shi da haɗari ba. Jefi-jefi ƙwayar cuta na shiga, shi ya sa in ido ya kama ciwo mai tsanani, ko ya yi ja ƙwarai, ko ganin da aka samu ya fara raguwa, a koma wurin likita ranar nan, kada a jira ranar kasuwa. Wasu kuma bayan wata da watanni ko shekaru sai hazo ya komo, su ce yana ta dawo. Ba ta dawowa. Jakar da ke riƙe da madubin ce ta dushe, ana kuwa buɗe ta da hasken leza cikin minti kaɗan ba tare da tsaga ba. Mutane da yawa za su bukaci ɗan tabarau na karatu bayan aiki, wannan ba laifi ba ne.

Ga hukuma da shugabanni

Nijar ta riga ta nuna tana iya yaƙi da makanta. Ran 30 ga Janairu 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ƙasarmu ta kawar da makantar bakin kogi, wadda ƙudan nan mai cizo ke yaɗawa, ita ce ta farko a duk Afirka. Amma wancan ciwo ne da ake kashe ƙuda a raba ƙwaya a rabu da shi. Yana ba ta ƙarewa, domin kowace shekara wasu na tsufa, kuma gwargwadon yadda kwanan jama'a ke ƙaruwa haka take ƙaruwa. A duniya an ƙiyasta mutum miliyan 94 ne yana ta rage musu gani ko ta makantar, ita ce kuma kan gaba cikin dalilan makanta.

Shirin duniya na yaƙi da makanta da aka ƙaddamar a 1999 ya sa wa ƙasashen Afirka ma'auni: aikin yana 2,000 kowace shekara ga kowane mutum miliyan 1. In muka auna da mutum 270,000 na ƙidayar 2012, rabon gundumar Tibiri aiki 540 ke nan a shekara, watau kimanin ido 10 kowane mako, jama'ar kuwa ta ƙaru ƙwarai tun daga lokacin. Duk shugaban gunduma da magajin gari na iya ɗaukar wannan lissafi ya tambayi asibitinsa: bara mutum nawa namu aka yi wa? Tambaya ta biyu ta fi ta farko nauyi: nawa ne cikinsu suke gani da kyau yau? Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe da cewa cikin ido 100 da aka yi wa aiki, aƙalla 80 ya kamata su gani sosai, a 2021 kuma ƙasashen duniya suka amince a riƙa ƙirga waɗanda aikin ya yi wa amfani, ba yawan aikin kawai ba. Tsoho ɗaya da ya komo gida bai gani ba ya isa ya hana ƙauye guda zuwa.

Wuraren aiki akwai su. Ma'aikatar lafiya tana da shirin ƙasa na kiwon lafiyar ido. Hanya ita ce a fara da gidan likita mafi kusa, daga can a tura mutum gaba, Dosso ko manyan asibitocin Yamai. Akwai asibitocin ido na Makka a Yamai da Maraɗi, na ƙungiyar Al-Basar. Masu dangi a Nijeriya sun san asibitin ido na ECWA a Kano, wanda ke aiki tun 1943. Tun 2008 Bankin Musulunci na raya ƙasashe ya sa Nijar cikin ƙasashen da yake tura wa likitocin ido su yi aikin yana kyauta. Irin wannan ayari na likitoci alheri ne, sai dai kwana kaɗan yake yi ya tashi. In ba a shirya tun da wuri ba, 'yan birni ne ke cika layi, na Gesheme da ƙauyukan bakin iyaka su ji labari bayan an naɗe kaya. In kuma ba a bar wanda zai duba idanun bayan mako ɗaya da bayan wata ɗaya ba, ayarin ya ɗauki halin mai tsinke ke nan.

A nan ne aikin waɗanda suka yi karatun yaƙi da jahilci yake. Wanda ya iya rubutu na iya ɗaukar littafi da alƙalami, da izinin mai gari, ya bi gida-gida ya rubuta sunan duk wanda ba ya iya ƙirga yatsu daga taku 3, da shekarunsa, da unguwarsa, kada ya manta da tsofaffin mata na cikin ɗaka waɗanda ba su fitowa kasuwa. Ya rubuta har da sunan yaron da ke jan sanda, domin malamin makaranta na neman wannan yaro. Ranar gani ta duniya tana faɗowa Alhamis ta biyu ga watan Oktoba, daidai lokacin da hatsi ke shiga rumbu, hanya ta bushe, hannu kuma ya ɗan yi nauyi. Kafin wannan rana ya kamata takardar kowane ƙauye ta isa hannun babban ma'aikacin gidan likita.